Nonon Uwa Ko Madarar Gwangwani: Ina Ruwan Uba A Ciki?



'Yan'uwa mata suna yawan tambaya: Malam, in na ba jaririna madarar gwangwani, na yi zunubi? Madarar dai halal ce. Amma asali shi ne nono, kuma ba a barin asali sai da dalili.

Ku buɗe Suratul Baƙara, aya ta 233, ku karanta a tsanake. Allah Ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa. Nan mu maza muke tsayawa, mu juyo mu kalli mata. To, ci gaba da karatu mana! Ayar ba ta ƙare ba sai da ta ɗora wa uba ci da suturar mai shayarwa, ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma ce yaye sai da yardar juna da shawara tsakanin su biyu. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, ko wadda ka saka, in tana shayar maka da ɗa, sai ka biya ta ladanta.

Kai da ka yanka ƙaton rago ranar suna, sannan ka bar maijego da koko da ƙosai har ta yi arba'in, ka dawo kana faɗa wai ba ta da nono, wallahi ka ji tsoron Allah. Kuɗin gwangwani biyu ya isa ka sayo mata wake da ƙwai da zogale da kifi na kwanaki. Ka rage mata aikin gida, ka bar ta ta yi barci.

Ke kuma 'yar'uwa, kukan jariri ba shi ne shaidar cewa nononki bai isa ba. Abin dubawa shi ne yawan fitsarinsa da ƙaruwar nauyinsa in an je awo. Nono da tsotso yake ƙaruwa; da zarar an fara cika wa yaro ciki da kwalba, sai ya rage tsotso, nonon ma ya ja baya. Da yawa ta haka aka rasa shi tun a watan farko.

Sai maganar dakashi, wannan ruwan nonon farko mai kauri da wasu tsofaffinmu ke cewa a tatse a zubar wai ƙazanta ne. Babu wannan a addini. Shi ne rigakafin farko na yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awar farko, a ba shi nono zalla wata 6 ba ko ruwa, sannan a haɗa da abinci har shekara 2 ko fiye.

Amma akwai uwar da ta rasu wajen haihuwa. Akwai wadda ciwo ya kwantar, da wadda likita ya hana saboda maganin da take sha, da wadda ta yi iya ƙoƙarinta nonon bai wadatar ba. Wannan ba abin gori ba ce, kuma surukai su kiyaye harshensu. Shari'a ta buɗe ƙofar a nemi wata ta shayar. Annabi (SAW) kansa ya sha nonon Suwaiba da Halimatus Sa'adiyya. Sai dai a tabbatar da lafiyarta, a kuma rubuta a ajiye, domin shayarwa tana haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa. A mazhabar Malikiyya ko tsotso ɗaya ya isa. Madarar gwangwani kuwa ba ta ƙulla wannan 'yan'uwantaka, ko da yara goma sun sha daga gwangwani guda.

In madarar ce mafita, a sayi ta jarirai, ba ta shayi ba, ba nonon saniya ba. A tafasa ruwa, a wanke kwalba a tafasa ta, a bi awon da ke jikin gwangwanin. Kada a tsinka ta don ta daɗe, nan ne gudawa da tamowa suke shigowa. Kafin a fara, uba ya zauna ya lissafa ko aljihunsa zai ɗauka wata bayan wata, domin in nono ya ƙafe dawo da shi sai da wahala.

Allah ne mafi sani. Allah Ya raya mana zuriya a kan sunna.