Harshen Kawiya da Tambayar Kyakkyawar Niyya

Shin kyakkyawar niyya tana wanke mutum daga ɓarnar da hannunsa ya aikata? Tarihin kabilar Kawiya, wadda ake rubuta sunanta Cahuilla, ya isa ya sa mu yi tunani a kan wannan.

Kawiya 'yan asalin kudancin Kalifoniya ne a Amurka, mazauna hamada da duwatsun da ke kewaye da garin Palm Springs. Annobar agana ta 1863 ta hallaka da yawansu. Bayan haka aka riƙa kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana, kamar ta St. Boniface da ikkilisiya ta buɗe a Banning a 1890, da ta gwamnati a Riverside. A irin waɗannan makarantu Turanci ne dole, harshen uwa kuwa abin hani. Da yawa daga cikin malaman sun gaskata alheri suke yi, domin a ganinsu yaro ba zai ci gaba ba sai ya rabu da maganar kakanninsa. Sakamakon shi ne jikoki suka tashi ba sa jin harshen, har masu iya shi sosai suka koma 'yan tsiraru.

Niyya tsakanin mutum da Allah take, amma asarar a kan wasu ta faɗa. Wanda ya raba yaro da harshensa ya raba shi da waƙoƙin tsuntsaye da Kawiya ke ba da labarin ƙaurarsu a ciki, da sunayen tsirran da suke ci, suke magani da su. Ba wanda ya nemi yardar iyayen harshen. A ranar Fentikos kuwa, Ruhu Mai Tsarki bai tilasta wa jama'a yare ɗaya ba. Kowa da harshensa ya ji bishara.

Gyara ya fito daga cikin gida. Katherine Siva Saubel, wadda ta rasu a 2011, tana cikin waɗanda suka kafa gidan tarihi na Malki a 1964, ta kuma wallafa littafin Temalpakh a kan tsirrai tare da Lowell Bean a 1972.

'Yan'uwa, mu ma mu bincika kanmu. A ikkilisiyoyi da yawa na Filato da kudancin Kaduna, Hausa ta maye gurbin ƙananan harsuna a sujada, da niyyar haɗa kan masu bi. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ya wajaba mu tambayi tsofaffin da ke zaune a baya ko jikokinsu sun iya yin addu'a da harshen gida.