Dinari Biyu na Basamariye

Mun ji waɗansu masu bi suna gunaguni a kan wani aiki da aka soma a ƙasarmu. A shekara ta 2020 aka gwada ba da allura masu tsabta kyauta ga masu yi wa kansu allurar miyagun ƙwayoyi, a jihohin Gombe da Oyo da Abiya. Suna cewa, don me za a kashe kuɗi a kan mashaya? Ashe, ba taimakon zunubi ke nan ba?

Tambayar tana da nauyi, gama shan ƙwaya yana rushe mutum da gidansa. Amma binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 14 suna shan ƙwaya, kamar 80,000 daga cikinsu kuwa da allura. Sa'ad da mutum biyar suka tsira wa kansu allura guda, ƙanjamau da ciwon hanta sukan bi jini daga wannan zuwa wancan, har su kai ga matar da ke gida, wadda ba ta san kome ba, da jaririn da ke cikinta. Akwai kuma magani, naloson, mai komo da numfashin wanda kodin ko hiroyin ya kayar.

Mu tuna da Basamariyen nan na Luka sura 10. Bai tsaya yana tambaya ko laifin wane ne ba. Ya ɗaure raunukan, ya kai mutumin masauki, ya ba mai masaukin dinari biyu, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da za a ƙara kashewa. Wannan alkawari ne mukan manta. Jiyya ba ta kwana ɗaya ba ce. Mai rai ne kaɗai yake jin Bishara, gawa ba ta tuba.

To, wa ke biyan mai masauki? Yawancin kuɗin irin wannan aiki daga ƙasashen waje ya fito, a 2025 kuwa Amurka ta rage taimakon da take bayarwa ƙwarai. 'Ya'yanmu ne ke kwance a bakin hanya, ba na baƙi ba. Ku da ke aikin asibiti, da ku da ke zaune a majalisa, sa'ad da ake tsara kasafin kuɗin lafiya na jiharku, ku tambaya nawa aka ware domin waɗannan.