'YATA, KAFIN KI TAMBAYI SUNAN GIDA, TAMBAYI INDA ZA KI YI SALLAH



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Makon jiya, bayan sallar Isha, 'yar ƙanwata da ke karatu a wata jami'a a Amurka ta turo min saƙon murya. Ta ce: "Kawu, shawara nake nema. A nan akwai ƙungiyoyin ɗalibai mata da ake kira sororiti. Kusan duk 'yan ɓangaren ɗakinmu sun yi rajista, ni kaɗai na rage. Kuma kowace ƙungiya da sunan da ta yi. Wannan wai ta 'ya'yan masu kuɗi ce, waccan ta 'yan shagali, wata kuma wai ta waɗanda aka ƙi ɗauka a ko'ina ce. Wacce zan zaɓa?"

Na saurari saƙon sau biyu. A karo na biyu ne na gane kaɗaici ke damun yarinyar nan. Ga sanyi, ga baƙunta, ga hijabi a cikin aji da ba kowa ke sa shi ba. Sai na nemi izininta da na iyayenta in rubuta amsar a nan, domin yanzu 'ya'yanmu da dama suna can, wasu tallafin karatu ya kai su, wasu a can aka haife su.

Malamai suna da ƙa'idar cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimce shi. To bari mu fara fahimtar abin.

Kalmar sororiti daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin 'yar'uwa. Asalin waɗannan ƙungiyoyi tun lokacin da mata ba su da yawa a manyan makarantun Amurka ne, ana kallonsu kamar sun shigo inda ba a gayyace su ba, sai suka riƙa haɗa kai don su tallafi juna. A shekarar 1851 aka kafa ta farko a kwalejin mata ta Wesleyan da ke garin Macon a jihar Jojiya, ita ce yau ake kira Alpha Delta Pi. A 1870 aka kafa Kappa Alpha Theta a jihar Indiyana. Sunayen nan da kuke ji haruffan Girkanci ne. A yau akwai manya guda 26 ƙarƙashin majalisa ɗaya da aka kafa a 1902, kuma kowace tana da rassa a jami'o'i masu yawa, sau da yawa har da gidan kwana.

Da yake a da waɗannan ba sa karɓar baƙar fata, sai baƙaƙen fata suka kafa nasu: Alpha Kappa Alpha a 1908 da Delta Sigma Theta a 1913, duka a Jami'ar Howard da ke Washinton. Kamala Harris, wadda ta yi mataimakiyar shugaban ƙasar Amurka, 'yar ta farkon ce.

Wani zai ce, "Malam, ai waɗannan su ne ƙungiyoyin asiri irin na jami'o'inmu." A'a, mu yi adalci. Gaskiya ne ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ta fara ne a matsayin ƙungiyar zumuncin ɗalibai, daga baya wasu suka ɓalle, abin ya rikiɗe ya koma sara da harbi. Amma na Amurka a fili suke, makaranta ta san da su, suna da dokoki a rubuce. Matsalarsu daban ce, kuma zan zo kanta.

Yadda ake shiga kuwa, akwai makon tantancewa a farkon zango. 'Yan mata su yi kwalliya su zaga gida-gida, a yi hira ta 'yan mintuna. Kowace rana ɗaliba ta jera gidajen da take so, su ma gidajen su jera waɗanda suke so, ana ta zubar da wasu. Ranar ƙarshe a miƙo mata takarda mai ɗauke da sunan gida ɗaya. Wasu su yi tsalle, wasu su koma ɗaki suna kuka. Kuma ki sani, 'yata, idan kika sa hannu a takardar yarjejeniya ta ƙarshe aka ba ki gida kika ƙi, sai kin jira kusan shekara kafin ki sake nema. Idan kuwa aka rantsar da ke a ɗaya daga cikin 26 ɗin nan, ba ki da damar shiga wata a cikinsu har abada. Abin da shigarsa ke da sauƙi, fitarsa ke da wuya, ba a yi masa gaggawa.

Ba zan ɓoye alherinsu ba. Suna sa wa mambobi ido a kan sakamakon jarrabawa. Suna tara kuɗin taimako: Delta Delta Delta ta daɗe tana tara wa asibitin yara na St. Jude, Delta Gamma tana taimakon makafi, Zeta Tau Alpha tana wayar da kai a kan kansar mama. Tsofaffin mambobi kuma suna buɗe wa ƙananan ƙofar aiki. Musulunci bai hana haɗa kai da wanda ba Musulmi ba a kan alheri. Annabi (SAW) tun yana matashi ya halarci yarjejeniyar Hilful Fudul a gidan Abdullahi bin Jud'an, inda Ƙuraishawa suka yi alƙawarin tsaya wa wanda aka zalunta, kuma bayan annabci ya yabe ta, ya nuna da za a kira shi zuwa irinta da ya amsa.

Yanzu sai batun suna, wanda shi ne ainihin tambayar.

A kowace jami'a ɗalibai sun kasa gidajen nan kashi uku: na sama, na tsakiya, na ƙasa. Me ake aunawa? Galibi kyan fuska, kuɗin iyaye, da kuma wace ƙungiyar samari ce ke gayyatarsu biki. Subhanallah! Wato samari ne ke riƙe da ma'aunin da 'yan mata ke auna darajar junansu. Ki buɗe Suratul Hujurat, aya ta 11. Allah Ya hana mutane yi wa juna izgili, sannan Ya ware mata Ya ambace su daban, Ya ce wataƙila waɗanda ake yi wa izgilin sun fi masu yin, kuma Ya hana jifan juna da munanan laƙabi. Aya ta 12 ta hana zato da bin diddigi da giba. Aya ta 13 ta ajiye ma'auni ɗaya tak, shi ne taƙawa. Don haka idan kika ce gida kaza na 'yan iska ne alhali ba ki san ko mutum ɗaya a ciki ba, kin ci naman 'yan mata da yawa a loma ɗaya, kuma cikinsu akwai kamilai. Kasancewarsu ba Musulmi ba bai halatta a yi musu ƙazafi ba.

Sannan sunan nan yaudara ne. Haruffa ɗaya, amma reshen wannan jami'a daban da na waccan. Duk shekara huɗu mutanen gidan sun canja gaba ɗaya, sunan yana nan rataye a ƙofa. Kuma babban suna bai hana mugun hali. A 2013 jaridar ɗaliban Jami'ar Alabama ta fallasa yadda ake hana 'yan mata baƙar fata shiga wasu gidaje masu tashe, har da sa bakin tsofaffin mambobi, sai da shugabancin jami'ar ya tsoma baki. Gidaje ne da ake rububin shiga fa.

An rawaito cewa wani ya yabi wani mutum a gaban Sayyidina Umar (RA), sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya ce a'a, sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. To hirar minti ashirin da murmushin da aka koya ina za ta nuna miki hali? Gani ya kori ji, amma gani ma sai an daɗe.

Don haka ga tambayoyin da na ce ta yi, kuma ta yi su a fili ba kunya:

Na farko, me ake faɗa ranar rantsuwa? Bikin shigarwa sirri ne a kusan dukkansu. Wasu suna da addu'o'i masu tushen Kiristanci, wasu suna da alamomin gumakan Girkawa da Rumawa: Chi Omega tana danganta kanta da Demeter, Delta Sigma Theta tana da hoton Minerva a tambarinta. Mambobi za su ce alama ce kawai ta hikima. To amma Musulma ba ta rantsuwa da wanin Allah, ba ta durƙusa wa alama, kuma ba ta ɗaukar alƙawarin abin da ba a faɗa mata ba tukuna. Idan suka ce ba za ki sani ba sai kin shiga, to amsa ta fito.

Na biyu, giya. A ƙa'idar manyan ƙungiyoyin ba a shan giya a gidan 'yan matan. Sai dai bukukuwan a gidajen samari da wuraren shagali ake yinsu, a can giya take, a can cakuɗuwa take. Ki tambaya: halarta dole ce? Ana cin tarar wadda ba ta zo ba?

Na uku, sutura da ibada. Akwai ranakun da kowa ke sa kaya iri ɗaya. Za a bar ki da hijabinki da doguwar riga? Idan taro ya ci karo da Magariba, ko azumi ya zo, ya za a yi?

Na huɗu, wulaƙanta sabon shiga. Doka ta hana, amma yana faruwa a ɓoye. A 2017 wani ɗalibi, Timothy Piazza, ya mutu a Jami'ar Penn State bayan an ɗirka masa giya a daren karɓarsa cikin wata ƙungiyar samari. Abin ya yi ƙamari har a Disamba 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ke tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka. Ki nemi rahoton makarantarki ki karanta.

Na biyar, kuɗi. A wasu jami'o'i, in an haɗa da ɗaki da abinci da kayan biki, abin yana kai dubban daloli a zango. Ki tuna da nairar da mahaifinki ke canjawa.

Ni ban ce duk wadda ta shiga ta fita daga addini ba, Allah Ya tsare ni da faɗin haka. Abin da na ce mata shi ne: a mafi yawan gidajen, da wuya Musulma ta sami amsa mai daɗi a kan tambayoyi biyun farko, kuma waɗannan biyun ba a ciniki a kansu. Annabi (SAW) ya kwatanta abokin zama nagari da mai sayar da almiski, mugu kuma da mai zuga wutar maƙera, kamar yadda Bukhari da Muslim suka rawaito daga Abu Musa. Mu ma Hausawa mun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Imani ba ya tafiya rana ɗaya. Yau an jinkirta La'asar, gobe an ja mayafi baya don hoto, jibi an ce ai lemo kawai na sha.

Kuma akwai mafita. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSA tana nan tun 1963, da rassa a jami'o'i masu yawa. Musulmi mata ma sun kafa sororiti nasu: Gamma Gamma Chi a 2005, da Mu Delta Alpha a 2016 a Jami'ar Teksas da ke Dallas. Su ma a bincika su da tambayoyin nan, don sunan Musulunci a ƙofa bai isa shaida ba. Kuma ko ta Musulmi kika shiga, ki kiyayi ƙungiyanci. A yaƙin Banul Musɗaliƙ wani ya kira Muhajirai su taimake shi, wani ya kira Ansar, sai Annabi (SAW) ya kira wannan kiran Jahiliyya, ya ce a bar shi don abu ne mai wari. Sunaye ne da Allah Ya yaba fa a Alƙur'ani, amma da aka ɗaga su don ɓangaranci sai aka tsawatar. Ina ga haruffan Girkanci?

Iyaye kuma, don Allah mu ji tsoron Allah. Kar mu tura yarinya 'yar shekara 18 wata duniya sannan tambayarmu kullum ita ce sakamakon jarrabawa. Mu tambaye ta da wa take cin abinci, wa ke tashinta Asuba, wa ya zo duba ta da ta yi zazzaɓi. Idan ba mu taya ta neman 'yan'uwa ba, za ta nema da kanta, kuma mai jin ƙishirwa ba ya tace ruwa.

Jiya ta sake kirana. Ta ce ta yi istihara, ta fasa rajistar bana, kuma ta je masallacin makaranta ranar Juma'a ta haɗu da wata 'yar Somaliya da wata 'yar Pakistan, sun gayyace ta cin abinci. Ta ce, "Kawu, shinkafar tasu ba ta kai ta Umma ba." Na ce, "Ci dai, 'yata, ki gode Allah."

Allah Ya tsare mana zuri'a a duk inda suke, Ya haɗa su da abokai nagari, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wallahu a'alam.