Kwalin da Ba a Buɗe Ba

A watan Yulin 2021, a wani gwanjo da kamfanin Heritage Auctions ya gudanar a Amurka, an biya dala miliyan 1.56 a kan kaset guda na wasan Super Mario 64. Nintendo ta fitar da wasan a 1996, ta sayar da kwafi sama da miliyan 11, har yau kuma da kuɗi kaɗan za ka samu tsohon kaset mai aiki. Abin da ya raba wannan da sauran shi ne ba a taɓa buɗe shi ba. Shekara 25 ledar masana'anta na naɗe da kwalin, sannan kamfanin Wata, mai auna lafiyar irin waɗannan kaya, ya ba shi maki 9.8 cikin 10 ya rufe shi a akwatin roba.

Ga mai rubuta manhaja irina, wannan ciniki akwai ɗaure kai. Abin da ke cikin kaset ɗin megabait 8 ne, bai wuce hotuna biyu ko uku na wayar da ke hannunka ba, kuma babu harafi ɗaya da ya bambanta shi da na sauran miliyoyin. A sana'armu kwafi bai gaza asali da komai ba. Mai sayen kuma ba zai iya buga wasan ba, domin ranar da ya yaga ledar, ranar ce dukiyarsa za ta narke. To me ya saya?

Amsar da ke fara zuwa baki ita ce ƙaranci: abin da ya yi wuyar samu, shi ke tsada. Ty Warner ya gina daula a kan wannan amsa. A 1993 ya fito da Beanie Babies, ƙananan dabbobin ƙyalle da aka cusa wa ƙwayoyin roba, kowace a kan kusan dala 5. Ya ƙi kai su manyan kantuna, yakan kuma sanar da cewa ya daina ƙera wani samfuri, sai farashinsa ya yi tsalle. Magidanta suka riƙa saye da kwali-kwali, suna sa wa 'yar takardar da ke kunnen dabbar rigar roba don kada ta lanƙwashe, suna hana 'ya'yansu taɓawa. A 1999 har an ga mata da miji a wata kotu a Las Vegas, tsugune a gaban alƙali, suna raba tulin dabbobin ɗaya bayan ɗaya bayan aurensu ya mutu. Ba a jima ba kasuwar ta rushe. Dalilin a fili yake: kowa ya ɓoye nasa. Miliyoyi suna nan sababbi fil a ɗakunan ajiya, ga masu sayarwa, babu masu nema. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Wannan ya nuna cewa ƙarancin da ke ɗorewa ba masana'anta ke ƙera shi ba. Yara ne ke ƙera shi, ba tare da sun sani ba. Yaron da aka saya wa Mario a 1996 ya yaga kwalin tun a mota, ya jefar, ya buga wasan har maɓallan suka gaji. Haka miliyoyi suka yi, shi ya sa wanda ya tsira da ledarsa ya zama abin kallo. Su ne kuma suka girma, suka kama aiki, suka kai shekara talatin da wani abu da kuɗi a aljihu da kewar wata yamma da ba za ta dawo ba. Su suka ƙarar da kayan, su ne kuma ke nemansa yanzu. Cire su daga lissafi, abin da ya rage roba ce da kwali.

Akwai kuma labari. A 1982 Atari ta ba Howard Scott Warshaw kimanin mako biyar ya haɗa wasan E.T. don ya riski kasuwar Kirsimeti. Wasan bai karɓu ba, aka yi ta mayar da shi kanti. A 1983 kamfanin ya kwashe tarin kasusuwan da suka yi kwantai, har da na E.T., ya binne a jujin garin Alamogordo da ke jihar New Mexico. Shekaru da dama mutane na gardamar ko hakan ta faru da gaske, sai a Afrilun 2014 aka tona, aka same su. Kaset da ya murƙushe, ya sha ƙasa, aka saye shi sama da dala 1,500, ɗaya kuma ya tafi gidan tarihi na Smithsonian. A nan lalacewar ce shaida. Wanda ya saya ya riƙe hujjar cewa manyan kamfanoni ma suna haƙa rami su binne kunyarsu.

Ban ga laifin mai tarawa a kan kansa ba. Masana'anta ba ta damu da jiya ba, kuma da yawa daga abin da ya rage na tsofaffin wasanni, kwalayensu da littattafan bayaninsu, a hannun irin waɗannan mutane ya tsira. Mu ma mun san wannan ɗabi'a. Kwanukan jeren da iyayenmu mata ke cika kabad da su daga masana'anta suka fito, dubbai iri ɗaya, ba a cin tuwo a ciki, amma mai ɗakin za ta gaya maka wanda gwaggonta ta kawo ranar biki da wanda ta saya da kuɗin adashe. Tarawa irin wannan sani ce da tunawa.

Inda nake da ja shi ne lokacin da lambar da ke jikin akwatin ta maye gurbin abin da ke ciki. Mai sayen 9.8 ba lallai ne ya san ko wane ne Mario ba. Abin da ya sani shi ne 9.8 ta fi 9.6, kuma yana sa ran wani zai biya fiye da shi. Kamfanoni sun gane wannan. Fakitin katin Pokémon a rufe yake zuwa, haka kwalin 'yar tsanar Labubu ta kamfanin Pop Mart, ba ka san abin da ka saya ba sai ka buɗe, an kuma tsara cewa wani samfurin sai an buɗe da yawa kafin a dace da shi. A kira shi da kowane suna, ƙanin caca ne, kuma da fuskar wasan yara yake shigowa gida. A Mayun 2021 sai da kantunan Target suka dakatar da sayar da katunan Pokémon da na 'yan wasa a shagunansu, bayan rigima kan katuna ta kai ga zaro bindiga a wajen wani reshe a Wisconsin. Manya ne ke layi tun asuba. Yaron da aka buga katin dominsa ya zo ya tarar da kanta wayam.

Ga kuma ƙullin da manyan suka ɗaura wa kansu. Tunda yanzu kowa ya ji labarin dala miliyan 1.56, kowa na sayen biyu, ya buɗe ɗaya ya ɓoye ɗaya, wasu ma ba sa buɗe ko ɗaya. Nan da shekara 25 kwalaye marasa buɗewa za su yi yawa kamar dabbobin Ty Warner, kuma yaran da aka hana taɓawa ba za su yi kewar abin da ba su taɓa riƙewa ba. Farashin tsofaffin wasannin bidiyo ma ya sauko sosai bayan zazzaɓin 2021.

Shi kuwa kaset ɗin Heritage, maki 9.8 ɗin na kwali ne. Ba a gwada ko yana aiki ba kafin a rufe shi, kuma babu hanyar gwadawa sai an fasa akwatin.