WA YA TSUFAR DA WAYAR TALAKA?

Wanda ya bi ta Akwatialine, cikin zangon Kumasi, zai ga inda tsofaffin kayan lantarki suke ƙarewa. Masu sayen tsohon ƙarfe suna fasa kwamfuta da rediyo da wayoyin hannu domin su ciro jan ƙarfe da ɗan abin da zai sayu. Wasu kayan sun mutu da gaske, amma wasu gilashinsu ƙalau, jikinsu ƙalau, sai dai sun yi nauyin aiki har masu su suka gaji da su. Tambaya ita ce: idan abu ya tsufa kafin lokacinsa, laifin wane ne?

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka ne. Wanda ya sayi waya ya san batir yakan gaji, ba mai jayayya da wannan. Amma rariya ba ta ɓoye hujinta, kuma wanda ya saƙa ta ba ya biyo mai saye gida da dare ya ƙara mata wani. Waya dabam take, domin kamfani yakan aiko mata da sabuwar manhaja ta intanet bayan ciniki ya faɗa da shekaru.

Ga abin da ya faru. A watan Disamba na 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa manhajar da ya aika tana rage saurin wasu tsofaffin wayoyinsa, kamar iPhone 6 da 6s da 7. Dalilin da ya bayar shi ne, tsohon batir ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci guda, sai wayar ta mutu ba zato. Saboda haka aka rage mata gudu domin kada ta mutu. Dalilin ba na banza ba ne, gama mai jaki ma yakan rage wa tsohon jakinsa kaya. Inda aibin yake shi ne ba a gaya wa masu wayar ba. Mutum ya ga wayarsa ta yi sanyi, ya ɗauka ta ƙare, ya nemi sabuwa, alhali kuwa batir kaɗai take bukata.

Bayan maganar ta fito, kamfanin ya nemi gafara, ya rage kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29 a shekarar 2018. A shekarar nan hukumar Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10, ta ci Samsung miliyan 5, kan manhajojin da suka nauyaya wa tsofaffin wayoyi. A 2020 Faransa ta ci Apple yuro miliyan 25, a kan rashin sanar da masu saye. A Amurka kuwa ya yarda ya biya har dala miliyan 500 domin a kashe ƙara.

Wani zai ce, to a bar aiko da sabuwar manhaja mana. Wannan ba magani ba ne. Manhaja kamar katangar gida take, ɓarayi kullum suna neman inda ta tsage, dole a riƙa yaɓe ta. Mace mai sayar da koko a Aboabo, wadda take ajiye jarinta cikin asusun waya, ita ce ta fi kowa bukatar wannan yaɓe. Kuma ba za a tilasta wa kamfani ya kula da abu har abada ba. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, amma ya sanar tun da shekaru. Ana iya kukan cewa kwamfutoci masu lafiya da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11 ba, sai dai ba a ce an yaudari kowa ba. Yin abu a fili da yinsa a ɓoye ba ɗaya ba ne.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne wanda yake ɗaukar asarar. Mai hali yakan canja waya tun ba ta gaji ba. Tsohuwar ita ce take ƙetaro teku ta iso shagunan Adum, mai tura kura ko ɗan makaranta ya tara sidi wata da watanni ya saye ta. Kuɗin sulhun da aka raba a Amurka bai iso hannunsa ba. Idan wayar ta gaza, yaran zango ne za su shaƙi hayaƙin robar da ake ƙonawa. Riba ta tsaya can, shara ta zo nan.

Hakki uku ne ke nan. Na fari, kamfani ya faɗi abin da manhajarsa za ta yi, ya bar mai abu ya zaɓa, gama abin da aka sayar ya fita daga hannun mai sayarwa. Na biyu, ɗan kasuwa da mai gyara su faɗi gaskiya. Wanda ya san waya ta kusa daina karɓar manhaja ya yi shiru ya karɓi kuɗi, ko ya ce ta mutu alhali batir ne, ya yi abin da kamfanin ya yi, girman shagon ne kawai ya bambanta. Na uku, mai saye ya tambayi shekarar da aka ƙera wayar, ya sa a duba batir kafin ya yar da ita, kada kuma ya raina abin hannunsa don ya ga na maƙwabci.

Tsufa ba laifin kowa ba ne. Ɓoye wa mutum gaskiya game da abin da ya saya da guminsa kuwa cin amana ne, ko babban kamfani ne ya yi, ko mai tebur a bakin hanya.