IRIN DA AKA BINNE

Ya mai karatu, in kai manomi ne, ka san abin da ake kira binne. Rani ya yi nisa, ƙasa ta bushe, ba ko gizagizai a gabas, amma maigida ya hau rumbu ya sauko da zangarniyar da ya ɓoye tun kaka. A sussuke ta, ya saɓa sungumi ya nufi gona, yara suna biye da shi, suna jefa iri suna take rami da ƙafa. Wanda bai san noma ba sai ya ce mutumin nan ya zautu, gidansa ana kwana da yunwa, shi kuwa yana zuba hatsi cikin rairayi. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san nauyin wannan abu, a hana yaro tiya guda ta iri yana kuka, domin ana sa zuciya ga damana.

Da irin wannan misali Manzo Bulus ya amsa wa mutanen Koranti. Waɗansu a ikilisiyarsu sun fara cewa babu tashin matattu, waɗansu kuma suna tambaya, da wane irin jiki matacce zai dawo? Amsarsa tana cikin 1 Korantiyawa sura 15. Ya ce su dubi gona. Ƙwayar da ka sa a rami ba ita kake gani a kaka ba. Ta ruɓe, ta ɓace, ga kara ya fi ka tsawo da zangarniya a kansa. Duk da haka hatsi ka shuka, hatsi ka girbe, bai zama dawa ba. Haka jikin mai bi. Wanda muka sa a kabari da rauni da ciwo, shi ɗin ne Allah zai tasa, amma da jikin da zazzaɓi da yunwa da tsufa ba su da iko a kansa.

Maƙwabtanmu da yawa sun yarda akwai ranar tashin ƙiyama, muna kuma girmama su a kan haka. Abin da bishara ta ƙara shi ne, an riga an fara. Mutum ɗaya ya shiga kabari ya fito, bai kuwa sake mutuwa ba.

An gicciye Yesu Almasihu a Urushalima ran Jumma'a, a zamanin Bilatus, gwamnan da Romawa suka naɗa a ƙasar Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Yusufu mutumin Arimatiya ya roƙi gawar, ya sa ta a kabarin da aka sassaƙa cikin dutse. Ran Lahadi da asuba mata suka zo da kayan ƙanshi. Lura fa, gawa suka zo nema, ba su sa ran wani abu dabam ba. Suka tarar an kawar da dutsen, kabari kuwa ba kowa. Da suka kai labari, almajiran ma ba su gaskata su ba. Toma ya ce shi sai ya taɓa gurbin ƙusa. Mutanen nan ba masu saurin yarda ba ne, tsoro ya sa sun kulle ƙofa. Amma Yesu ya zo tsakiyarsu, ya nuna musu hannuwansa, ya ci gasasshen kifi a gabansu, ya yi ta bayyana gare su har kwana 40. Bitrus, wanda ya yi musun saninsa sau uku saboda tsoro, shi ne ya miƙe ranar Fentikos a cikin Urushalima ɗin nan yana shaida cewa Yesu ya tashi, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya. Da gawar tana nan, ai da shugabanni sun fito da ita, magana ta ƙare. Bayan kamar shekara 25, Bulus ya rubuta cewa 'yan'uwa fiye da 500 sun gan shi a lokaci guda, yawancinsu kuma suna da rai a sa'an nan, mai shakka yana iya zuwa ya tambaye su.

Bulus ya kira Almasihu nunan fari. Kai ka san tumu. Ran da yaro ya shigo gida da zangarniya ta fari aka gasa, rumbu bai cika ba tukuna, amma uwargida ta fara murmushi, don ta san sauran gona tana tafe.

Wataƙila kana karanta wannan takarda ƙasar kabarin ɗanka ba ta bushe ba. Wataƙila ke ce uwar, ko kuwa mijinki ne ya rasu ya bar ki da yara. Kada kowa ya ce miki kuka rashin bangaskiya ne. A Betanya, ƙauyen da bai fi kilomita 3 daga Urushalima ba, Li'azaru ya kwana huɗu a kabari kafin Yesu ya iso. Marta ta tarye shi da ɓacin rai, ta ce da ya zo da wuri da ɗan'uwanta bai mutu ba. Bai tsauta mata ba. Ya nuna mata cewa tashin da take jira a ranar ƙarshe yana tsaye a gabanta. Sa'an nan shi kansa ya yi hawaye, ko da yake ya san abin da zai yi. Ki yi kukanki, 'yar'uwa. Sai dai kukan mai bi kukan rabuwa ne da matafiyi wanda za a sake gani.

Gaskiya ne, binnen gona yakan ɓaci. A yi ɗan yayyafi, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi, ko tururuwa ta kwashe, sai an sake shuka. A nan misalin ya gaza. Alkawarin tashi bai rataya ga ruwan sama ba, bai kuma rataya ga yawan aikin kirkinka ba. Ya rataya ga Yesu wanda ya ɗauki zunubinka a kan gicciye. Shi ya sa mai bi yake iya raira waƙa a bakin kabari, yake iya kwana ba laya a ƙarƙashin matashi, yake iya raba ɗan abin da ya rage a rumbu da gwauruwar da ke maƙwabtaka.

To, kai fa? Zuwa majami'a tare da iyayenka bai isa ba, sai kai da bakinka ka faɗa wa Ubangiji zunubanka, ka dogara gare shi. Yau da dare, bayan an ci tuwo, tara iyalinka, a kunna fitila, a karanta Yahaya sura 11. In ba mai karatu a gidan, je wurin fasto ko mai bishara na garinku, ka ce ya zo ya karanta muku.