Hatimin Jiya da Tsatsar Yau

Duk wanda ya gaji tsohuwar bindiga mai baki biyu, ya zaro ta daga bayan adaka da niyyar raya ta, to, ya shiga wata mas'ala da malaman usulu suka daɗe suna tattaunawa, wato istis'habi: hukunta cewa abu yana nan bisa halinsa na asali har sai dalili ya zo da saɓanin haka.

Idan ya buɗe ta, ya leƙa ya tabbata babu harsashi, domin wannan shi ne farillar farko, sa'an nan ya cire bututun ya juya ƙarƙashinsa, sau da yawa zai iske waɗansu 'yan tambura a jikin ƙarfen. In ƙirar Birmingham ce ta Ingila, galibi hatimi ne na gidan gwajin bindigogi da aka kafa a can a 1813, inda ake ɗura wa bututu albarushin da ya zarce ƙa'ida a harba, in ya jure a buga masa shaida. Shaidar gaskiya ce, amma shaida ce a kan ranar da aka yi ta. Alƙali ba ya dogara da tazkiyyar da aka yi wa mutum tun yana saurayi alhali an zo masa da jarahar da ta auku daga baya.

Jarahar ƙarfe kuwa tsatsa ce. Tokar baƙin albarushi tana jan laima, laima ta kwana damina bayan damina, har ta haƙa ƙananan ramuka a cikin bututu. Mutum zai jiƙa bututun da kananzir, ya naɗa tsumma a sanda ya zura ya ja, tsumman ya fito ja wur, ya sake, har ya fito fari. Amma in ya ɗaga bututun wajen rana, ramukan suna nan, gama abin da tsatsa ta ci mai ba ya mayar da shi, kuma mai ƙara gurzawa don neman ƙyalli kaurin ƙarfen yake ragewa. Ga kuma wata illa: da yawa daga tsofaffin bindigogin Ingila an yi su ne don harsashi mai milimita 65, na yanzu kuwa galibi 70 ne, zai kuma shige ba gardama, alhali ba dominsa aka yi su ba.

A nan ne nake saɓa wa masu cewa bindigar baba ba ta taɓa cin amanar kowa ba, saura tawakkali. Wannan ƙauna ce, ina kuwa girmama ta, amma ba hujja ba ce, kuma Malikiyya, da suka ƙarfafa toshe ƙofar ɓarna, ba za su yarda a jingina yatsu da idanun ɗan Adam a kan zato ba. Kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya a cikin manufofin shari'a. A kai ta wurin gwanin da zai auna kaurin bututun. In ya ce ta gama aiki, a shafe ƙotarta da mai, a cire mata allurar da ke dukan harsashi, a rataye ta inda hannun yara ba ya kaiwa.